Babur Mai Jirgi da Ya Ƙi Bin Dama

Ni Baiwa ban shiga aji ba ko na yini ɗaya, amma na san hagu, na san dama. Na faɗi haka tun farko ne don a Birnin Kebbi akwai mai yawo da biro biyu a aljihu, wai ya yi makarantar koyon sana'a a Sakkwato, bai san su ba.

Babur ɗin da ake magana a kansa maigidana marigayi ne ya saye shi a gwanjo, hannun wasu Turawan aikin gona da suka gama suka tafi. Ƙato ne, baƙi, da akwatin zama a gefen dama mai tayarsa guda. Malam mutumin bakin gulbi ne, sai ya sa wa akwatin suna jirgi, kowa ya bi. Shekara goma sha ɗaya ina cikin jirgin nan. Tun da na zame a bakin rijiya kwankwasona ya goce, ba na iya ɗaga ƙafa in hau bayan babur, ba na iya taka matakalar bas. Jirgi kuwa ƙasa-ƙasa yake, in zura ƙafa in zauna. Da shi nake zuwa Zauro sayen shinkafar da nake turarawa in yi gumi, da shi nake zuwa suna da gaisuwar mutuwa da asibiti. Da aka zo rabon gado na ce a bar mani shi cikin tumunina, su riƙe gonar. Suka yi mani kallon mai taɓin hankali. To, gona tana kai mutum unguwa?

Aibinsa ɗaya ne. In ya tashi a hankali, ko ya taka gargada, sai kansa ya kama rawa, hagu, dama, hagu, dama, awa tsohon da ake ɗura wa maɗaci yana ƙi. Malam yana da damatsa, danne shi yake yi har yana hira. Ɗana Munzali kuwa, wanda tuƙin ya faɗo hannunsa, hannayensa awa na mai ɗinkin hula. Kafin mu kai Zauro ya jiƙe da gumi yana tsaki.

Shekarar da aka ba mu jiha, ma'aikata suka kwararo daga Sakkwato da katifunsu a kan mota, kowa yana neman mai kai shi ofis. Samarin unguwa duk suka koma kabu-kabu. Tun daga nan Munzali ya fara kallon jirgina awa ƙari a wuya.

"Inna, wanga akwati shi ka kawo rawar kai. A yanke shi kowa shi huta."

"Kowa wa? Ni ba kowa ba ta?"

"Sai in riƙa ɗauko maki tasi."

"Ka ɗauko wa matarka. A gyara rawar, jirgi shina nan."

Shi ne ya kai mu wurin Zulkifli. Garejinsa yana fuskantar sabon shataletalen da aka yi, wanda mutane har daga ƙauye suke zuwa kallo. Ya rubuta Injiniya a allo da jan fenti, harafi ɗaya ya fi kaina girma. Ya zagaya babur sau biyu, hannu a baya, ya ce abin ba komai ba ne, damfa za a sa. Ya je bayan rumfa ya kwanto ta daga wata matacciyar mota Bitil da kaji suke ƙwai a ciki. Sanda ce awa famfon keke, da mai a cikinta. In ka ja ta, ta zo a hankali, in ka tura ta, ta koma a hankali. Za a ɗaure kai ɗaya a ƙafar gaba ta babur, ɗayan a ƙarfen jirgi, duk sa'ad da kan ya so rawa ta riƙe shi. Har ga Allah dabarar ta yi mani. Ba na ƙin gaskiya don mai faɗinta ya cika baki.

Abin da bai yi mani ba shi ne wannan. Masu gyaran babur suna da wata al'ada: duk babur da aka kawo, sai su murɗe kansa hagu su jingine shi a kan ƙafarsa. Namu taya uku gare shi, ba ya bukatar jingina, amma hannu ya saba. Zulkifli yana karɓa ya murɗe kan hagu har ƙarshe, ya bar shi haka. A haka ya tsuguna, ya ja sandar damfa zuwa rabi, ya kara ta, ya zana alama da ƙusa a jikin ƙarfen jirgi, ya kira mai walda.

Ina zaune a benci, na ce, "Zulkifli, kan wanga babur a karkace yake."

"Injiniya aka ce mani, Inna."

"Ranar da anka yanka maka rago, Injiniya anka raɗa? Na ce kai a karkace yake. Miƙe shi kahin ka auna."

Ya yi dariya, ya dubi masu zaman banza da ke rumfar, su ma suka yi. "Inna, wanga ba tukunyar gumi ba ta. Ki bar muna ƙarhe, mu bar maki shinkahwa."

Munzali ya matso kusa da kunnena. "Don Allah Inna ki yi shiru, kina ba ni kunya."

Na yi shiru. Wannan shi ne laifina ɗaya a cikin maganar nan, kuma na amsa shi.

Aka yi walda, aka ɗaure noti. Zulkifli ya hau don gwaji. Tun da aka yi shataletalen nan duk makanikan wurin a nan suke gwada aiki, don a gan su. Ya shiga ya zagaya sau bakwai, ina ƙirgawa, rigarsa tana tashi, har da sakin hannu ɗaya yana ɗaga wa mutane. Rawar kai kam ta tafi, ko ɗis. Sai dai duk mai ido ya san shataletale hagu ake zagaya shi. Sau bakwai hagu. Ya dawo ya sauka awa wanda ya ci kokawa.

Daga gareji zuwa gidanmu kwana ɗaya ce, hagu. Washegari daga gidanmu zuwa babban titi, hagu. Ranar kuwa sunan jikana ne a Argungu, ɗiyata Ummu Hani ta samu namiji bayan mata uku. Na ɗaura atamfar da ban taɓa sawa ba, na rungume kwallar dambun shinkafa a cinya, da turmin zane biyu a bayan kujera. Muka wuce Zauro, muka wuce Ambursa, babur yana tafiya sumul, don hanyar ba ta da kwana mai tsanani, ɗan lanƙwasa ne kawai. Munzali har da waƙa.

Lungun surukan Ummu Hani yana hannun dama, kwana ce mai kaifi, kusa da gidan wasu masunta. Maza sun cika ƙofar gida a kan tabarmi ana jiran raba goro. Munzali ya rage gudu, ya murɗa kai dama. Na ji ƙwas. Idona yana daidai da tayar gaba, shekara goma sha ɗaya a nan yake, na ga sandar ta shige cikin gidanta ta ƙure. Kai ya tsaya cik. Munzali yana murɗawa yana salati, babur ya miƙe abinsa, ya keta zanar masunta, ya shiga cikin tarun da suka shanya a kan sanduna. Tarun ya zubo mana gaba ɗaya. Dambu ya tashi sama ya sauko a kaina.

Ba wanda ya karye, alhamdu lillahi. Amma sai da maza huɗu suka yi ta warware ni, ɗankwalina a rataye jikin ƙugiya, surukan ɗiyata suna tsaye suna cewa sannu da bakin da ke rawa don dariya. Wani tsohon masunci ya leƙo ya ce bana dai ba su taɓa kama giwan ruwa irin wagga ba. Kafin azahar duk matan gidan suna sun ji. Ummu Hani, da jego a jikinta, ta shige ɗaki tana kuka.

Da muka dawo Birni da ƙyar, da turi a kowace kwanar dama, Munzali ya koma wurin Zulkifli shi kaɗai. Ya dawo fuskarsa har da haske.

"Inna, Injiniya ya duba. Ya ce damfa lahiya lau take. Nauyi na."

"Nauyin mi?"

Ya sunkuyar da kai. "Na jirgi. Da na cikin jirgi. Ya ce in nauyi ya yi yawa a dama, babur ba shi iya bin dama. Ya ce a yanke. Ni dai na rantse ba ni ƙara hawanshi da akwatin ga. Na gaya wa mai walda Assabar."

Ni mai jiki ce, ban taɓa musu ba, shinkafa nake ci ba iska ba. Amma da wanga jiki Malam ya yi ta bin dama da ni, Munzali ya ɗora, shekara goma sha ɗaya, har da buhu biyu a baya. Rana ɗaya na yi nauyin da ya hana ƙarfe juyawa? Babur nawa ne, amma ba ni da wani matuƙi. In Munzali ya ƙi, ko an yanke ko ba a yanke ba, na zama ta zaman ɗaka, sai dai a riƙa ba ni labarin wanda ya mutu da wadda ta haihu.

Na dogara sandata na je wurin mai unguwa. Ya ce wannan maganar masu sana'a ce, in je wa shugabansu. Shugaban makanikai Alhaji Labbo ne, wani siriri awa muciya, wanda rabonsa da taɓa sifana tun yana da baƙin gemu. Ranar Alhamis suke zama a rumfar ƙungiya da ke cikin filin garejin. Na je da hantsi, na sa Munzali ya turo babur. Alhaji yana kan kujera cikin farar shadda, sabuwa, tana ƙara in ya motsa. Makanikai sun fi ashirin. Mai walda yana gefe da tukunyar gas ɗinsa.

Na faɗi ƙarata. Alhaji ya saurara ido a lumshe, ya ce, "To, matar marigayi Arzika, ai tun da ba a yi rauni ba, sai a yi haƙuri. Ƙaddara ta."

"Alhaji, ƙaddara ba ta riƙe ƙusa ta zana alama ba. Shi yar riƙe. Ga shi nan."

Zulkifli ya miƙe ya ciro biro ɗaya. Ya yi magana mai tsawo, rabi da Turanci, yana zane a bayan kwalin sigari. Ya ce akwai lissafin nauyi, akwai na iska, akwai abin da wanda bai yi karatu ba ba zai gane ba ko an kwana ana yi masa bayani. Ya ce da girmamawa, Inna ta fi ƙarfin injin. Rumfa ta ɗauki dariya.

Na bari suka gama. Na ce, "Na ji. Nauyina na. To ga Alhaji nan, ko iska mai ƙarfi ta taso sai an riƙe shi. Shi shiga jirgi, kai ka tuƙa."

Alhaji ya buɗe ido. "Ni?"

"Wa za a yarda da shaidarshi in ba shugaba ba? In na sa wani, a ce na saye shi."

Zulkifli ya ce ba matsala, ga shataletale nan.

"Ba shataletale ba. Kai da shataletale kun gama. Ka miƙe cikin hilin ga, in ka kai tarin tayoyin can ka bi dama, ka zagayo. In ya juya, ga mai walda, shi kunna wuta yanzu a gabana a yanke jirgi, ba sai Assabar ba. Kowa shi shaida."

Munzali ya ɗago kai da sauri. Mai walda, shegen, har ya fara warware tiyo. Ni kuwa shakka ta shige ni, ba zan ɓoye ba. Na ga sandar ta ƙure da idona, amma idon tsohuwa ne, ana cikin salati, dambu yana tashi. In na yi kuskure fa? Na dogara sandata na tsaya a kan maganata.

Alhaji ya dubi jama'a, ya ga ba hanyar zamewa. Ya tattare shaddarsa ya zura ƙafa, ya zauna a kujerata yana gyara hula awa za a ɗauke shi hoto. Zulkifli ya buga kik sau uku, ya tashi. Da zai yi hankali da ya tafi sannu. Amma mutane suna kallo, sai ya ba shi wuta.

Bayan tarin tayoyin nan akwai wani kwari inda duk garejin suke zubar da baƙin mai da ruwan wankin inji. Daga rumfa muna ganin kafaɗun Zulkifli sun murɗa dama. Muna ganin babur bai murɗa ba. Ya sake murɗawa har ya tashi tsaye a kan matakan babur. Na ji muryar Alhaji, siririya, tana cewa dama, dama, don ubanka dama. Suka gangara cikin kwarin da su da babur, wani baƙin ruwa ya tashi ya rufe su.

Ba wanda ya yi dariya sai ni. Na yi ta har sai da kwankwasona ya amsa.

Aka jawo su. Alhaji ya fito haƙora da idanu kawai ake gani. Mutumin da ya ce mani in yi haƙuri ɗazu, ban ji ya ambaci ƙaddara ko sau ɗaya ba. Ashe shari'a tana da sauri, da can shaddar da ta dace ce ba ta ɓaci ba. Ya tsaya yana ɗiga, ya ce a kawo sifana, a kwance damfa. Aka kwance noti ɗaya, sandar ta faɗi gefe. Ya kama kan babur da hannunsa ya juya dama, ya tafi har ƙarshe awa ƙofar da aka sa wa mai.

"Zulkifli, da ka auna, ƙaƙa kan yake?"

Zulkifli ya kama share baƙin mai daga fuskarsa.

"Da kai nika!"

"A jingine, Alhaji. Yadda munka saba."

"Jingine! Mai taya ukku kaka jinginewa? Mai taya biyu kwantawa shika yi shi sha kwana, wanga sai an juya kai. Ba a gaya maka ba a Sakkwato?"

"An gaya mashi a Birni," na ce. "A kan bencin can. Ya ce in koma wurin tukunya."

Alhaji ya ce a sake aikin yanzu, a gabansa, kuma a gabana. Aka kawo mani kujera, ba benci ba. Mai walda ya kunna wutarsa, amma kunnen ƙarfen da ya liƙa ranar nan ya yanke, ba jirgi ba. Zulkifli ya tsuguna, mai yana bin gwiwar hannunsa.

"Miƙe kan."

Ya miƙe shi.

"Bai miƙe ba. Tayar tana kallon masallaci. Ƙara kaɗan. Yawwa. Yanzu ja sandar rabi."

Ya ja, ya kara, ya ɗauki ƙusa.

"Kada ka zana tukuna. Riƙe ta nan. Munzali, juya hagu har ƙarshe. Da saura?"

"Da saura, Inna."

"Juya dama har ƙarshe."

"Da saura, awa yatsa biyu."

"To zana."

Aka liƙa, aka bari ya huce, aka ɗaure. Na ce a sake juyawa kowane gefe sau uku, aka juya. Wani daga cikin makanikan ya ce ashe Inna injiniya ce. Na ce Allah ya kiyashe ni, na ga abin da ake kira haka.

Alhaji ya yanke cewa Zulkifli zai je Argungu ya gyara zanar masunta da tarunsu, kuma ya tsaya a ƙofar surukan Ummu Hani ya faɗi da bakinsa cewa aunawarsa ce ta kai mu cikin taru. Zulkifli ya ce a yi masa rangwame, ya aika da takarda. Na ce masuntan ba su iya karatu ba, irina ne, sai da baki.

Saura Munzali. Yana tsaye yana kallon samarin kabu-kabu suna wucewa a titi, fuskarsa awa an ƙwace masa tuwo.

"Kai kuma fa? Rantsuwarka da kay yi?"

"Ai a kan maganar Injiniya na yi ta, Inna."

"To ka ji inda maganar ta kwana. Ka je wurin liman ka tambayi kaffara, ka yi azuminka ukku, ba zai kashe ka ba. Za ka hau ko in nemi ɗan wani in ba shi makulli?"

Ya daɗe yana murza ƙeya. Sannan ya cire rigarsa ta sama, ya goge mani kujerar jirgi da ita, ya shimfiɗa kwali a kai. Na zura ƙafa na zauna. Ya buga kik.

"Gida, Inna?"

"Wane gida da rana tsaka? An yi rasuwa a Gesse tun Talata ban je ba. Tahi da ni."